Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu, Dattijon 'Yan Asalin Kanada

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, a madadin Hausawa mazauna Winnipeg, maza da mata, ina yi maka barka da zuwa. Sannu da hanya, sannu da sanyi. Ga al'ada mai gida ke tarbar baƙo, to yau abin ya juya: mu ne baƙi a ƙasar kakanninka, amma kai ka tako ka same mu. Mun gode.

Fim ɗin da za mu kalla tare shi ne Sugarcane, na Julian Brave NoiseCat da Emily Kassie, a kan makarantar kwana ta St. Joseph's Mission da ke kusa da garin Williams Lake a lardin British Columbia. Ya ci kyautar ba da umarni a bikin fina-finai na Sundance na 2024, ya kuma shiga takarar Oscar a 2025, ko da yake bai ɗauko ba. Masu fim sun cancanci tafi. Amma a ganina, masu kyautar na ainihi su ne tsofaffin da suka yarda suka zauna gaban kyamara suka tona abin da suka daɗe suna haɗiyewa.

Jama'a, yaran 'yan asalin ƙasar nan wajen 150,000 aka raba da iyayensu aka kai irin waɗannan makarantu, gwamnati na biyan kuɗi, coci-coci na gudanarwa. A aske wa yaro kai, a ba shi lamba, a dake shi don ya yi magana da harshen uwarsa. Dubbai ba su koma gida ba. A makarantar St. Joseph's ɗin ce aka tuɓe wa wata yarinya, Phyllis Webstad, sabuwar riga mai ruwan lemo da kakarta ta saya mata, tana 'yar shekara 6, a 1973. Shi ya sa duk 30 ga Satumba kuke ganin mutane sanye da riga mai ruwan lemo. Sai a 2008 Firayim Minista Stephen Harper ya nemi gafara, kuma a 2015 Hukumar Gaskiya da Sulhu, wadda ta binciki makarantun a ƙarƙashin marigayi Murray Sinclair, ta fitar da buƙatu 94. Bayanan da ta tattara suna nan cikin garin nan, a Jami'ar Manitoba.

Ranka ya daɗe, kai ma ka kwana a irin waɗancan ɗakuna. Ba za mu matsa maka ba. Abin da ka ga dama ka faɗa, shi za mu ɗauka. Da gangan muka zaunar da yaranmu a sahun gaba, don da yawansu Hausar ta fara kuɓuce musu ba tare da an ɗaga musu bulala ba.

Bayan fim fili naka ne, sannan ga tuwo da miyar kuka na jira. Bisimilla.