Ƙungiyar kiɗa ta farko: abin da manyan makaɗa ba sa mantawa

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai, iyayen da suka rako 'ya'yansu, da ku matasa masu sha'awar kiɗa, barkanku da zuwa.

In aka zaunar da makaɗin da ya yi suna aka tambaye shi labarin ƙungiyar da ya fara shiga yana ɗan shekara 14 ko 15, da wuya ya fara da waƙa. Zai kawo maka jitar da ta ƙi saituwa, da mai gangar da aka rasa, da ɗakin da aka kore su saboda ƙara, da kuɗin motar komawa gida. Ina so mu ɗauki waɗannan abubuwa da muhimmanci, domin a cikinsu yaro yake koyon sauraron na kusa da shi, kuma wannan shi ne jarin makaɗin ƙungiya. Zan fi tsayawa a kan ƙungiya ɗaya wadda labarinta ya tabbata daga bakin waɗanda suka yi ta, wato Quarrymen ta birnin Liverpool a Ingila, wadda daga baya ta zama Beatles.

John Lennon ne ya haɗa ta yana ɗan shekara 16, da abokansa na makarantar Quarry Bank. Lokacin ana yayin wani kiɗa da ake kira skiffle, wanda Lonnie Donegan ya yaɗa a 1956. Abin da ya ja yara gare shi arha ne. Jita ɗaya ko biyu, sauran kayan kuwa a gida ake haɗa su.

Bari in nuna muku yadda ake yin bes ɗinsu, wato kayan kiɗan da ke ba da sauti mai kauri, don ku ga iyakarta. Ana samun akwatin filawud da ake shigo da ganyen shayi a ciki, tsayinsa ya kai gwiwa ko ya ɗan ɗara. A kife shi, buɗaɗɗen bakin yana ƙasa. A huda tsakiyar saman, a zura igiyar shanya, a ƙulle ta daga ciki da ƙusa ko wani ɗan faifan ƙarfe. In aka yi ƙulli kawai ba a sa komai ba, ja biyu uku zai yaga filawud ɗin ya fito. Ɗaya bakin igiyar a ɗaure shi a kan doguwar sandar burushin shara, gindin sandar kuma a dasa shi a kusurwar akwatin. Makaɗi ya taka akwatin da ƙafa ɗaya, ya ja sandar baya igiya ta ɗame sauti ya hau, ya sassauta sauti ya sauka. A sa ɗan katako a ƙarƙashin gefe ɗaya don amon ya sami hanyar fita, in ba haka ba ƙasa za ta shanye shi. To, wannan abu ba shi da gaɓoɓi, wato layukan ƙarfen da ke kan wuyan jita, ba shi da alamar da za ta ce maka ga sautin da kake nema. Da kunne kawai ake laluben sa. Yaron da ya shekara a kansa, in ya kama bes ta gaskiya, kunnensa ya riga ya waye.

Maimakon ganga kuma allon wanki na ƙarfe mai tudu da kwari suke gurzawa, da 'yan hulunan ƙarfen nan da teloli ke sa wa yatsa. Pete Shotton ne ya riƙe shi a Quarrymen.

Kada ku ɗauka Turawa kaɗai suka bi ta nan. A unguwar Trench Town ta Jamaika, Bunny Wailer ya ba da labarin jitar da ya haɗa da gwangwanin kifi da gora da wayar lantarki, kafin shi da Bob Marley da Peter Tosh su kafa ƙungiyarsu a 1963. Duk wanda ya taɓa ganin kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ya san abin da ƙaramin gwangwani da fata za su iya fitarwa. A Nijar ma Mdou Moctar da wayar birkin keke ya yi tsirkiyoyin jitarsa ta farko. Wayar birki siraran zare ne na ƙarfe da aka tufka, sai an warware an zaro. Tana yanka yatsa, tana tsatsa da gumi, kuma ba ta riƙe saiti, don ba a yi ta domin ta ɗauki ja iri ɗaya na tsawon lokaci ba.

Wannan ya kawo mu maganar saiti, kuma a nan zan daɗe. Mahaifiyar Lennon, Julia, banjo ta iya, wani kayan kiɗa mai tsirkiya mai kama da jita, saboda haka kamun yatsun banjo ta koya masa shi da abokinsa Eric Griffiths. Sai suka riƙa saita jita irin saitin banjo, suna kaɗa tsirkiya huɗu, masu kaurin nan na sama kuwa ba su da aiki. Ranar 6 ga Yulin 1957, a bikin cocin St Peter da ke Woolton, aka gabatar musu da wani yaro ɗan shekara 15, Paul McCartney. Cikin abubuwan da suka burge su har da cewa ya iya saita jita yadda ya kamata, ya kuma haddace baitocin waƙoƙin da su suke cike giɓinsu da ƙirƙira. Ku duba abin da ya buɗe masa ƙofa.

Saitin kuwa ba wuya. Tsirkiya shida, daga mai kauri zuwa siririya: E, A, D, G, B, E. Ka danne mai kauri a gaɓa ta biyar, sautin da ta bayar shi ne na wadda ke biye da ita a sake. Haka za ka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai G kaɗai da ake dannewa a gaɓa ta huɗu don a sami B. Inda yara ke faɗuwa shi ne nan: kowa ya saita tasa ita kaɗai, ta yi daidai da kanta, amma in aka haɗu uku sai ka ji suna faɗa da juna. Dole a sami sauti ɗaya da kowa zai ɗauka, ko daga madannin piyano ko daga manhajar waya da ke ba da sautin A. Sannan kullum daga ƙasa ake hawa. In ka zarce, sassauta kunnen jitar da ake murɗawa ka sake hawowa, domin in ka tsaya a kan saukowa akwai ragowar sako-sako a maɗaurin da zai zame a tsakiyar waƙa. Sabuwar tsirkiya tana miƙewa, sai an ja ta da yatsa an sake saitawa sau uku ko huɗu, don haka ba a canza tsirkiya ranar wasa. Ku kuma auna tazarar tsirkiya da wuyan jita a gaɓa ta 12. Milimita biyu zuwa biyu da rabi ya isa. Jitar arha takan kai biyar, yaro ya yi ta danna da ƙarfi, yatsu su yi ƙanta, sautin kuma ya riƙa hawa fiye da inda ake so. Yara da yawa sun bar jita suna zaton ba su da baiwa, alhali jakin jitar, wato ɗan abin da tsirkiyoyi ke hawa a kan cikinta, shi ne ke bukatar a ɗan goge ƙasansa ya sauka. Wannan abu yana damuna ƙwarai, don gyaran minti ashirin ne.

Ilimin ma nemansa ake yi da ƙafa. McCartney ya sha faɗin yadda suka hau bas suka ratsa Liverpool don an ce akwai wani da ya iya kamun yatsun da ake kira B7. Sun riga sun iya E da A, wannan na ukun ne ya rage musu su iya kaɗa waƙoƙi bila adadin.

Wurin gwaji ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Quarrymen sun yi a banɗakin gidan Julia da 'yar barandar gilashi ta gidan innar Lennon, Mimi, saboda amsa-kuwwa tana ƙara wa murya armashi. Sai dai tana ɓoye kuskure. A yi gwaji a ɗaki mai labule da darduma, inda kowane tuntuɓe zai fito fili. Ƙungiyar U2 a kicin ɗin gidan su Larry Mullen ta fara a Satumbar 1976, bayan ya manna sanarwa a allon makarantar Mount Temple da ke Dublin yana ɗan shekara 14. Radiohead kuwa ranar Juma'a suke samun ɗakin kiɗa na makarantar Abingdon, har ranar ta zama sunansu na farko. Abin kwaikwayo a wurinsu shi ne tsayayyar rana da ba ta tashi.

Sai mai ganga. Gangunan bature sun fi komai tsada, sun fi wuyar ɗauka, sun fi jawo faɗa da maƙwabta, shi ya sa duk wanda ya mallake su ana lallaɓa shi ko da hannunsa bai faɗa ba. Colin Hanton ne ke da su a Quarrymen. Da ya tafi a 1959, sai aka bar masu jita uku, Lennon da McCartney da George Harrison, kuma ba su sami tsayayyen mai ganga ba sai Agustan 1960. Rashin ya tilasta musu riƙe bugun da hannun dama a kan jita, abin da ya zame musu ƙarfi daga baya.

Ciwon kowace ƙungiyar yara shi ne gudu. A fara waƙa a natse, kafin amshi na biyu an zabura. Abu biyu ne ke ɓata bugu. Na farko fargaba: zuciya na bugawa da sauri, hannu ya bi ta. Na biyu nisa. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa guda, saboda haka in ka yi nisan mita 10 da mai ganga, bugunsa yana isowa kunnenka a makare kaɗan, in kuma zauren na da amsa-kuwwa sai ka bi wanda ya dawo daga bango. Maganin shi ne mai bes ya tsaya dab da mai ganga, inda zai ga ƙafarsa. A gwaji kuma a kunna na'urar ƙidayar bugu a kan 100 a minti, a kaɗa waƙar sau biyu da ita, a kashe a kaɗa ba ita, a naɗa a waya, sannan a gwada farkon da ƙarshen. Za ku ji bambancin da kunnenku, ba sai an yi musu ba.

Fargabar nan ba ta bar kowa ba. A wasansa na farko da ƙungiyar, cikin Oktoban 1957, an ba McCartney wurin da zai kaɗa shi kaɗai, yatsunsa suka ƙage, abin da ya iya sarai a gida ya watse. Shi da kansa ya ce wannan ya sa ya ja baya daga zama jagoran jita, har aka nemo Harrison. Wurin da ya fi wuya a waƙa, a saba kaɗa shi a tsaye, a gaban mutum biyar ko shida, kafin ranar taro. A wasan farko ne kuma ake gamuwa da kukan lasifika. Makirufo ne ke ɗaukar abin da lasifika ta fitar ya mayar mata, abin ya yi ta zagayawa. A sa lasifika a gaban mawaƙa tana fuskantar jama'a, mawaƙi ya matso da baki kusa maimakon a ƙara ƙarfi, kuma kada ya rufe kan makirufo da tafin hannu. Kada a jona bes a ƙaramar amfilifayar jita, takardar lasifikar za ta yage.

A 1958 Quarrymen suka je gidan wani mai suna Percy Phillips, wanda ya mayar da ɗaki ɗaya wurin ɗaukar murya. Kuɗin sule 17 da sisi, su biyar, kowa sule uku da sisi. Makirufo ɗaya ne tak, kuma kai tsaye aka yanka a faifai mai faɗin inci 10, mai juyi 78 a minti, babu damar gyara. A irin wannan ɗauka, tsayuwa ita ce haɗa sauti: mai murya kusa, masu jita baya kaɗan, ganga can ƙurya an yafa mata ƙyalle. Mai naɗa da waya ɗaya a yau ma dokar ke nan. Faifan guda ɗaya ne, irin wanda allura ke cinye shi duk sanda aka saurara, aka ce kowa ya riƙe mako guda. Ya maƙale a hannun mai piyano, John Lowe, har 1981 da McCartney ya saye shi.

Me ke kashe irin waɗannan ƙungiyoyi? Sau da yawa ba faɗa ba ne. A Quarrymen salon kiɗa ya canza, mai banjo da mai allon wanki suka rasa gurbi. Len Garry mai bes ɗin akwati rashin lafiya ta kwantar da shi. Muryar mawaƙi takan fashe tsakanin shekara 12 da 15, waƙoƙin duk su fi ƙarfinsa, alhali saukar da su sauti biyu ko uku ya wadatar. Ga kuma kammala makaranta. Ofege, 'yan kwalejin St Gregory da ke Obalende a Legas, sun fitar da faifai a kamfanin EMI a farkon shekarun 1970 suna ɗalibai, amma neman karatun gaba ya rarraba su. Sai kuɗi. U2 sun zaɓi raba abin da aka samu daidai wa daida tun da wuri, kuma mutum huɗun nan sun shafe shekaru fiye da 40 tare. A cire kuɗin mota da hayar kaya da na tsirkiya tukuna, a raba saura a gaban kowa a daren, a kuma rubuta wanda ya mallaki kowane kaya da aka saya da kuɗin haɗaka.

An miƙo tambaya a takarda: yaro bahago, a juya masa jita ko a tilasta masa dama? McCartney bahago ne, Mdou Moctar ma haka, saboda haka ba aibi ba ne. A ba shi jita mako biyu a ga hannun da yake kai wa bugu da kansa. In hagu ne, a juya tsirkiyoyin, amma ba a nan aikin ya tsaya ba. Ɗan ƙashin da ke saman wuya yana da tsaga shida, kowace daidai kaurin tsirkiyarta, don haka mai kauri ba za ta zauna a tsagar siririya ba, sai an canza shi. Jakin ma a karkace aka dasa shi, ɓangaren masu kauri ya fi nisa. In ba a gyara karkatar ba, jitar za ta yi daidai a sake, amma tana hawa wuya tana kaucewa. A gwada kowace tsirkiya a sake, a kuma danne ta a gaɓa ta 12. In na gaɓa ta 12 bai zama sautin nan na sake ba amma a sama, a kai wa mai gyara ya cike tsohuwar tsagar jakin ya yanka sabuwa.