Wuta ce take tausasa tagulla, ruwa sanyayawa kawai yake yi

Jama'a, assalamu alaikum. Akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin 'yan'uwanmu masu aikin ƙarfe a Suame Magazine da ke nan Kumasi: idan aka gasa tagulla aka tsoma ta a ruwa, tauri take yi ko laushi?

A ce ga farantin tagulla a kan uwar maƙera. Duk saukar da masaba ta yi, tagullar tana ƙara tauri, har ta daina miƙuwa, bakinta ya fara tsagewa. Maganin wannan shi ne wuta. Tagullar da ake yin kwanson harsashi da ita, wadda kashi 70 cikin ɗari nata jan ƙarfe ne, kashi 30 kuma tutiya (wato ƙarfen zinc), tana samun laushi tsakanin digiri 425 da 750 a ma'aunin Salshiyos.

To, a nan ne ake samun ruɗani. Wanda ya saba da baƙin ƙarfe ya san cewa idan ya gasa gatari ya jefa a ruwa, tauri zai yi, saboda sinadarin kabon da ke cikinsa yana maƙalewa idan sanyi ya zo farat ɗaya. Tagulla ba ta da wannan hali. Laushinta yana samuwa ne tun tana cikin wuta, lokacin da ƙwayoyin jikinta da duka ya takura suke sake tsaruwa. A gasa tagulla guda biyu: ɗaya a tsoma a ruwa, ɗaya a bar ta ta huce a iska, za ku ga yadda dukansu suke lanƙwasuwa da awartaki ba tare da gardama ba. Amfanin ruwa shi ne ka koma aiki da wuri, kuma zafi kada ya bazu zuwa wurin da ake so ya zauna da taurinsa. Shi ya sa a masana'anta wuyan kwanson harsashi kaɗai ake gasawa a matakin ƙarshe, gindin kuwa a bar shi da ƙarfinsa.

Ni a ganina, abin da ya kamata a yi wa yaran shago faɗa a kai shi ne yawan wuta. Da zarar tagulla ta fara yin ja kaɗan a cikin inuwa, a cire ta. Idan aka bari ta yi jawur har farin hayaƙi ya tashi, tutiya ce take ƙonewa. Aikin ya lalace, kuma shaƙar hayaƙin nan yana jawo zazzaɓi da ciwon jiki, don haka a yi gashin a wuri mai iska.