Sharhi: Kafin a Taɓa Jikin Yaro, a Kawo Hujja

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Ranar 18 ga Yunin 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, alƙalai 6 suka rinjayi 3, cewa jihar Tennessee na da hurumin hana likitoci ba wa 'yan ƙasa da shekara 18 magungunan dakatar da balaga da sinadaran sauya jinsi. Fiye da jihohi 20 na Amurka suna da irin wannan doka. Tun daga ranar ake ta kumfar baki, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne zargin da ake jifan mutane da shi: wai duk wanda ya ce a dakata maƙiyin yaran ne. Haba jama'a! Tambayar hujja ce ta zama ƙiyayya?

Mu fara raba zare da abawa. Ba maganar mata-maza ake yi ba, waɗanda aka haifa da matsala a halitta; su dokar Tennessee ma ta ware su. Ana magana ne kan yaro ko yarinya mai lafiyayyen jiki, wanda ke cikin ƙunci mai tsanani domin yana jin jinsin da aka haife shi da shi ba nasa ba ne. Ƙuncin gaskiya ne, kuma ban yarda a yi wa irin wannan yaro dariya ko tsangwama ba. Tambayata ɗaya ce: maganin da ake ba shi, ina hujjar cewa yana amfaninsa?

Birtaniya ta nemi amsa. Asibitin Tavistock da ke Landan, wanda shi ne ke kula da waɗannan yara kafin a rufe sashen a 2024, a shekarar 2011 zuwa 2012 bai karɓi yara 250 ba. Bayan shekara goma adadin ya haura 5,000, mafi yawansu 'yan mata masu tasowa. Hukumar lafiya ta NHS ta ɗora wa Dakta Hilary Cass, tsohuwar shugabar kwalejin likitocin yara ta ƙasar, nauyin bincike. Ta shafe kusan shekara huɗu, masanan Jami'ar York suka tace mata binciken da aka wallafa a duniya. A watan Afrilun 2024 ta fitar da rahotonta: hujjar da aka gina wannan magani a kanta mai rauni ce ƙwarai. Ta kuma nuna cewa da yawa daga cikin yaran na fama da ciwon damuwa, fargaba, ko lalurar galahanga, amma da zarar an ambaci jinsi sai a manta da sauran.

An daɗe ana gaya wa iyaye cewa maganin dakatar da balaga tamkar birki ne, a taka yaro ya samu lokacin tunani, in ya sauya ra'ayi a saki. To, Tavistock da kansa ya bi diddigin yara 44 masu shekara 12 zuwa 15 da aka ɗora a kan maganin. Guda 43 sun zarce zuwa sinadaran sauya jinsi. Arba'in da uku cikin arba'in da huɗu! Wane irin birki ne wannan, da kusan duk wanda ya taka shi gaba yake yi? Balaga kuwa ita ce lokacin da ƙashi ke ƙara ƙarfi, ƙwaƙwalwa ke nuna. Yaron da aka tsayar masa da ita tun da wuri, aka zarce da shi zuwa sinadarai, yana iya rasa haihuwa. Ɗan shekara 13 da ba a yarda ya tuƙa mota ba, ba a yarda ya jefa ƙuri'a ba, shi ne zai yanke shawarar ko zai so haihuwa yana ɗan shekara 30?

Ku dubi Keira Bell. Tana shekara 16 aka fara ba ta maganin dakatar da balaga a ƙarƙashin kulawar Tavistock, bayan shekara guda aka ɗora ta a kan sinadarin maza, tana shekara 20 aka yanke mata nonuwa biyu. Daga baya ta gane ba abin da take bukata ke nan ba. Murya ta riga ta buɗe, gashi ya fito a fuska, abin da wuƙar likita ta cire ba ya dawowa. Ta kai ƙara, ta yi nasara a 2020, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2021. Za a ce ai mutum ɗaya ce, kuma akwai waɗanda suka ce maganin ya cece su. Ban musa ba. Amma nawa ne irin Keira, nawa ne irin waɗancan? Wanda ya ba da maganin shi ya kamata ya riƙe lissafin.

Sai babban makamin da ake tsorata iyaye da shi: in ba a ba da maganin ba yaron zai kashe kansa. Wace uwa ce za ta ji wannan ba ta sa hannu a takarda ba, ko da hawaye na zuba? Rahoton Cass ya duba, ya ce hujjar da ake da ita ba ta tabbatar da cewa maganin na rage wannan haɗari ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka har yanzu tana goyon bayan maganin, na sani. Sunan ƙungiya ba ya zama sakamakon bincike. Finland ta taƙaita shi a 2020, Sweden ta bi sahu a 2022, kuma ba wanda zai ce waɗannan ƙasashe na gaba da masu sauya jinsi. Likitocinsu ne suka duba takardu suka ja baya.

Ba na yaba wa 'yan siyasar Amurka da suka mayar da yaran nan abin yaƙin neman zaɓe. Doka kaɗai ba ta warkar da kowa. Wanda ya hana allura, wajibi ne ya samar da likitan ƙwaƙwalwa da zai zauna ya saurari yaron. Amma wannan ba ya ɗauke nauyin hujja daga kan mai rubuta magani.

Ga abin da ya fi ba ni takaici. Dakta Cass ta so a bi sawun kimanin matasa 9,000 da suka ratsa Tavistock, a ga halin da suke ciki bayan sun girma: wa ya samu sauƙi, wa ya yi nadama. Bayanan suna hannun asibitocin manya guda bakwai. Shida daga cikinsu suka ƙi ba ta haɗin kai. Waɗanda suka fi kowa cewa maganin yana aiki, an ce su buɗe fayil a gani, sun rufe ƙofa.