Gidan tururuwa cikin kwalba: laccar da wata malama ta yi ma iyaye da malaman firamare a Sakkwato

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena, malamaina, ƴan uwana malamai, barkanmu da war haka, Allah shi saka da alheri da kunka daure ma wanga zafi kunka zo.

Toh abin da ya kawo ni yau ƙaramin abu ne, kwalba ce da ƙasa da tururuwa. Ɗiyanmu yanzu ka tambayi yaro zaki zai gaya maka, ka tambaye shi kifin teku ya gani a waya, amma tururuwar da ke jan gero a tsakar gidansu kullum bai taɓa durƙusawa ya dube ta ba, ƙafa nawa gare ta ma bai sani ba. Ni kuma abin da na yarda da shi, kimiyya daga kallo take farawa, yaro ya zauna ya natsu ya ga abu da idonai, ba sai an jira ranar da gwamnati za ta gina mana ɗakin gwaje-gwaje ba.

Kuma wagga halitta ba ƙarama ba ce wurin Allah. Sura ta 27 cikin Alƙur'ani sunanta gare ta, Suratun Namli, a aya ta 18 wata tururuwa ce ta yi ma ƴan uwanta gargaɗi su shiga gidajensu kada Annabi Sulaiman da rundunarsa su tattake su ba da sani ba. Masana sun ƙidaya irinta fiye da dubu 12, kuma a 2022 wasu masu bincike daga jami'o'in Hong Kong da Jamus sunka ƙiyasta cewa tururuwan duniya sun kai tiriliyan dubu 20, wato kowane mutum guda yana da kaman miliyan biyu da rabi. Shi kanshi gidan gilashin ba sabon abu ba ne, wani Bafaranshe Charles Janet ya nuna irinsa a baje kolin Paris na 1900, daga baya a 1956 wani Ba'amurke Milton Levine ya fara sayar da na roba ma yara ya sayar da miliyoyi. Mu ba mu buƙatar sayen komi.

Ga kayan. Kwalba babba mai faɗin baki, irin ta Bama ɗin nan da ake jefarwa, a wanke ta tas ta bushe kada a bar ƙanshin sabulu. Sai gwangwani ko ƙaramar kwalba mai murfi da za ta shiga cikin babbar ta zauna tsakiya. Nan ne dubarar take, ku saurara da kyau. In ka cika kwalba da ƙasa haka kawai, tururuwa duhu take so, za ta bi tsakiya ta yi ramukanta, yaro ya wuni yana kallon ƙasa bai ga komi ba ya ce malama ta yaudare mu. Amma in ka toshe tsakiyar da gwangwani ya zam faɗin yatsa guda kawai ya rage tsakaninsa da gilashi, ba ta da wurin zuwa, dole raminta ya bi jikin gilashin kowa ya gani.

Ƙasa kuma, kun san tamu ta nan rairayi ce, in ta bushe rushewa take yi, rami ba ya tsayawa. Sai a gauraya ta da ƴar laka kaɗan irin ta fadamar Rima, a tankaɗe da rariya a cire tsakuwa, a yayyafa ruwa ta yi danshi yadda in ka dunƙula za ta kama amma ba ta ɗiga. Mafi kyau ma ka ɗebo daga bakin ramin da za ka kamo su. Kada a cika har baki, a bar kaman yatsu uku. A shafa bazalin siriri a cikin bakin kwalbar don kada su hauro, a rufe da ƙyalle mai ƙananan ido a ɗaure da robar ɗaure kuɗi, iska na shiga su ba su fita. Daga nan a naɗe kwalbar da baƙar takarda ko tsohon zane mai duhu, sai lokacin kallo a buɗe. In akwai jar leda mai nuna ciki ita ta fi, don tururuwa ba ta ganin jan haske sosai, ita tana zaton dare ne ku kuna kallonta.

Yanzu wace iri za a kamo, nan ina roƙon iyaye mata ku tsaya da kanku. Banda cinnaka, harbi take yi kuma akwai yaran da jikinsu ke kumbura. Banda kwarkwasa, ita ba ta zama gida guda kuma cizonta kun sani. Kiyashi ƙanana ne ƙwarai, ta idon ƙyalle ma za su fice sai dai ki same su cikin sukarinki. Gara kuma ba tururuwa ba ce sam, masana sun ce danginta kyankyaso ne. Wadda muke so ita ce tururuwar nan mai jerin gwano tana ɗauke da ƙwayar hatsi da irin ciyawa zuwa raminta, ita ce tsofaffinmu ke ba da labarin cewa shekarun yunwa mata na haƙa raminta su kwashe tsabar da ta tara. A aza ɗan sukari a takarda kusa da hanyarsu da sassafe, in sun taru a kaɗe cikin kwalba, kaman 30 zuwa 50 sun isa. Kuma duka daga rami guda, in kunka haɗa na rami biyu faɗa za su yi har mutuwa, don da wari suke gane ɗan gida da baƙo.

Abinci ɗan kaɗan, ƙwayar gero biyu uku, ɗigon ruwan sukari ko zuma a auduga, wani lokaci mataccen ƙuda. Abin da sunka bari a cire kafin ya yi hunhuna. Ruwa kuwa auduga jiƙaƙƙa ta isa, lokacin hunturu ƙasa na saurin bushewa sai a riƙa ɗiga mata kaɗan kaɗan. Rana fa, don Allah rana. Watan Afrilu da Mayu nan garin zafi na wuce digiri 40, kwalbar gilashi in ta zauna bakin taga dahuwa za su yi. A aje ta inuwa, kusa da randa ma ya fi, kuma a hana ƙannai girgiza ta.

Cikin kwana biyu uku za a fara ganin rami, toh nan aikin malami yake farawa. A ba yaro littafi da fensir ya zana ramin kullum ya ga ina ya ƙaru. Kar ku yi saurin ba shi amsa. Zai ga biyu sun haɗa baki, ku tambaye shi mi suke yi, ku bari ya yi ta tunani kafin ku gaya mishi abinci ne ɗaya ke ba ɗaya daga wata jaka da take ajiya cikin cikinta. Zai ga in ɗaya ta mutu ana ɗauke gawar a kai gefe guda inda suke zuba shara. Ku fita da shi waje ya goga yatsa a kan hanyarsu ya ga yadda jerin ke rikicewa, don wani sinadari suke shafawa a ƙasa na baya na bin warinsa. Kuma ku gaya ma ƴan matanmu duk ma'aikatan nan da suke gani mata ne, masu haƙa, masu neman abinci, masu gadi, duka.

Sai maganar da ta fi damuna. Tunda kun tsare su, haƙƙinsu ya hau kanku. Kun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba, yana cikin Bukhari da Muslim. Yaron da ya san in ya manta da ruwa rayuka za su salwanta ta dalilinsa, wallahi ya koyi amana fiye da yadda zan koya mishi a allo. Bayan mako biyu ko uku a ɗauki kwalbar a kai bakin ramin da anka ɗebo su a buɗe da yamma, yaron da kanshi zai yi.

(Wani malami ya yi tambaya, ya ce in ana son su hayayyafa cikin kwalbar fa?)

Madalla malam, sai da sarauniya, ita kaɗai ke yin ƙwan da ke zama ma'aikata. Amma kada ku haƙe rami kuna nemanta, tana can ƙasa da nisa, za ku rushe gari guda a banza. Ku jira ruwan farko, wajen watan Yuni. Hausawa na cewa in tururuwa za ta lalace fiffike take yi, toh ga mazan gaskiya ne, suna tashi su yi barbara a sama su mutu. Ita kuwa macen sai ta sauko ta karye fikafikanta da kanta ta shiga neman wurin haƙa, za ku gan ta da safe bayan ruwa, ta fi sauran girma, ƙirjinta ya yi kauri. Ita za ku ɗauka ku sa ita kaɗai a ƙaramar kwalba mai danshi cikin duhu ku ƙyale ta, kada a riƙa leƙe. Ƙwai zai zama tsutsa, tsutsa ta yi kwanci, cikin wata guda zuwa biyu ma'aikatan farko su fito ƙanana. Sai dai ku sani wannan riƙo ne mai tsawo, akwai sarauniyar wani iri da ta yi kusan shekara 30 a hannun masu bincike, don haka na ƴan aji shida ne da malami mai haƙuri, ƴan ƙanana a bar su da na mako biyu. Akwai wata tambaya daga ɓangaren mata?