Sharhi: Alkawarin 2030 da tambayar wanda zai biya

Masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu zai waiwayi alkawarin da shugabannin duniya suka ɗauka a birnin New York ranar 25 ga watan Satumban 2015, lokacin da ƙasashe 193 na Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17, waɗanda aka rarraba zuwa ƙananan manufofi 169, aka kuma tsayar da shekarar 2030 a matsayin wa'adin cika su. Na farko a jerin shi ne kawar da talauci ta kowace fuska a ko'ina cikin duniya, na biyu kawar da yunwa, sauran kuwa sun taɓo lafiya da ilimi da ruwan sha da makamashi da aikin yi da sauyin yanayi da zaman lafiya. An yi wa shirin take mai daɗin ji, cewa ba za a bar kowa a baya ba.

Mafi yawan wa'adin ya riga ya shuɗe, kuma rahoton da Majalisar da kanta ta fitar a 2024 ya nuna cewa kashi 17 cikin 100 kacal na manufofin da ake iya aunawa ne ke kan turbar cika, yayin da fiye da kashi ɗaya bisa uku suka tsaya cik ko suka koma baya. An saba ɗora laifin a kan annobar korona da yaƙe-yaƙe da tsadar abinci, kuma duk waɗannan gaskiya ne. Amma a ganin wannan sharhi, akwai nakasun da aka haifi shirin da shi tun ranar farko: an rubuta abin da ake so a cimma dalla-dalla, an rubuta ranar da za a cimma shi, sai dai ba a ɗaure kowa da igiyar biyan kuɗin aikin ba.

Kafin mu shiga maganar kuɗin, ya kamata a tuna abin da ya ba shugabannin ƙwarin gwiwar ɗaukar irin wannan babban alkawari. A shekarar 2000 an tsara muradun ƙarni guda takwas, kuma babban burinsu shi ne a rage kason masu fama da matsanancin talauci da rabi kafin 2015, idan aka kwatanta da yadda yake a 1990. An cika wannan buri tun a 2010, shekara biyar kafin lokaci. Bisa ma'aunin da Bankin Duniya ke aiki da shi a wancan zamani, kusan mutum biliyan 1.9, wato kashi 36 cikin 100 na al'ummar duniya, ke cikin matsanancin talauci a 1990, amma zuwa 2015 adadin ya sauko zuwa kimanin miliyan 736, kusan kashi 10 cikin 100. Duk wanda ya ga wannan saukowa zai iya zaton cewa saura ƙiris a gama, kuma haka aka zata.

Abin da ba a cika faɗa da babbar murya ba shi ne inda aka samu wannan nasara da kuma yadda aka same ta. Ƙasar Sin ita kaɗai ta fitar da mutum kusan miliyan 800 daga matsanancin talauci a cikin shekara 40, kuma ta fara ne tun daga 1978, lokacin da ta sake wa manoma mara suka riƙa sayar da rarar amfanin gonarsu, daga bisani ta gina masana'antun da suka ɗauki miliyoyin 'yan ƙauye aiki. Indiya da Indunusiya da Biyetnam da Bangaladash sun bi sahu, kowacce da salonta. Babu ɗaya daga cikinsu da ta jira wata takarda daga New York kafin ta soma. Bunƙasar noma da aikin yi mai albashi ne suka yi aikin, muradun ƙarni kuma suka tarar da shi yana tafiya, suka ƙidaya shi a cikin nasarorinsu.

A ƙasashen Afirka na kudu da hamadar Sahara labarin ya sha bamban. Kason matalauta ya ragu daga kashi 54 cikin 100 a 1990 zuwa kashi 41 a 2015, amma saboda yawan jama'a ya ƙaru da sauri fiye da yadda tattalin arziki ke samar da aikin yi, adadin matalautan ya tashi daga miliyan 278 zuwa miliyan 413. Bankin Duniya ya bayyana a 2024 cewa yankin, wanda ke ɗauke da kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, shi ke ɗauke da kashi biyu bisa uku na masu matsanancin talauci. Bankin ya kuma yi hasashen cewa nan da 2030 kusan kashi 60 cikin 100 na waɗannan mutane za su kasance a ƙasashen da ke fama da rikici ko raunin hukuma. Ma'ana, talaucin da ya rage shi ne mai taurin kai, wanda ya fake a wuraren da manomi ba ya iya zuwa gona, malami ba ya iya zuwa aji, mai jari kuma ba ya ko leƙawa. Sudan ta ishe mu misali, domin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 bai cika shekara ɗaya da rabi ba sai da aka tabbatar da aukuwar bala'in yunwa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam da ke Darfur.

Shi kansa ma'aunin talaucin yana buƙatar bayani, saboda sau da yawa ana ambatonsa kamar wata doka da ba ta canzawa. A 1990 an fara da dala 1 a rana, a 2008 aka mai da shi dala 1.25, a 2015 ya koma 1.90, a 2022 ya zama 2.15, sannan a watan Yunin 2025 aka ɗaga shi zuwa dala 3. Ana samo shi ne daga ma'aunan da ƙasashe mafi talauci suka tsayar wa kansu, kuma ana lissafa shi da ƙarfin sayen kaya a kowace ƙasa, ba da canjin kasuwa ba. Da aka yi gyaran ƙarshe, ƙiyasin matalautan shekarar 2022 ya tashi daga miliyan 713 zuwa miliyan 838 a dare ɗaya, ba tare da tukunyar kowa ta canza ba. Wanda ke samun abin da ya ɗara ma'aunin da 'yan sulalla ya fita daga lissafi, amma rashin lafiyar ɗa guda ko ƙarancin ruwan sama na damina ɗaya ya isa ya mayar da shi. Abin da ya faru ke nan a 2020, lokacin da korona ta jefa ƙarin mutum kusan miliyan 70 cikin matsanancin talauci a shekara guda.

To, mu dawo ga maganar kuɗi. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ciniki da ci gaba ta ƙiyasta cewa ƙasashe masu tasowa na da giɓin kusan dala tiriliyan 4 a kowace shekara idan ana so a cika muradun. Wata biyu kafin taron New York, an zauna a Adis Ababa don tattauna inda kuɗin zai fito, aka tashi da takarda mai cike da kyawawan niyyoyi wadda ba ta wajabta wa kowace ƙasa ko sisi ba. Su ma muradun ba yarjejeniya ba ce mai ƙarfin doka. Kowace shekara a watan Yuli ƙasashe kan je New York su gabatar da rahoton ci gaban da suka samu, amma bisa ganin dama ne, kuma kowace gwamnati ita ke rubuta rahotonta, wato ɗalibi ne ke duba takardar jarrabawarsa da kansa.

Akwai wani alkawari mai adadi da ya girmi muradun da shekara 45. Tun a 1970 Babban Zauren Majalisar ya amince cewa ƙasashe masu arziki su riƙa ware kashi 0.7 cikin 100 na jimillar arzikin da ƙasarsu ke samarwa a shekara domin tallafa wa ƙasashe masu tasowa, abin da bai kai ɗaya cikin ɗari ba. A 2024 ƙasashe huɗu kaɗai suka cika shi, wato Nowe da Luzambeg da Suwidin da Danmak, kuma jimillar tallafin da manyan ƙasashe masu bayarwa suka fitar a shekarar ta tsaya a kan kimanin dala biliyan 212, kashi 0.33 cikin 100, ƙasa da rabin abin da aka yi alkawari. A wannan shekarar dai, cibiyar binciken zaman lafiya ta birnin Stockholm ta lissafa cewa duniya ta kashe dala tiriliyan 2.7 a kan harkokin soja, fiye da ninki 12 na kuɗin tallafin. Shekarar 2025 kuwa ta zo da abin da ya fi haka: Birtaniya ta sanar da cewa za ta rage nata kason zuwa kashi 0.3 domin ta ƙara kasafin tsaro, Amurka ta rufe hukumarta mai ba da tallafi ga ƙasashen waje, wato USAID, kuma wakilinta ya faɗa a zauren Majalisar a watan Maris cewa ƙasarsa ta yi watsi da muradun baki ɗaya. Da aka sake zama a birnin Sebiya na ƙasar Sifaniya a tsakiyar shekarar don duba batun kuɗin, ba da Amurka aka yi ba.

Sai dai ko da tallafi ya cika, ba shi ne babban ramin da kuɗin ke zurarewa ba. Bashi ya fi shi. Hukumar ciniki da ci gaba ta bayyana a 2025 cewa mutum biliyan 3.4 na zaune a ƙasashen da ke kashe kuɗi wajen biyan ruwan bashi fiye da abin da suke kashewa a kan lafiya ko ilimi, kuma ƙasashe masu tasowa sun biya dala biliyan 921 na kuɗin ruwa a 2024 kaɗai. Dalili ɗaya shi ne suna rance da ruwan da ya ninka wanda Amurka ke biya sau biyu zuwa huɗu, don haka wanda ya fi buƙata shi ya fi biya da tsada. Idan kuma ƙasa ta gaza, hanyar sasantawa doguwa ce. Zambiya ta kasa biyan bashinta a watan Nuwamban 2020, amma sai a tsakiyar 2024 ta kammala daidaitawa da masu riƙe da takardun lamuninta, kuma a tsakanin wannan lokaci Siri Lanka da Gana da Habasha su ma suka faɗa irin wannan hali. Ministan kuɗin da ke zaune a teburin masu bin bashi shekara uku ba shi da hannun da zai gina asibiti.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa saɓa alkawari ba halin masu arziki ba ne kaɗai. Shugabannin Afirka sun amince a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, a 2003 kuma suka amince a Maputo da ware kashi 10 ga noma, kuma 'yan ƙalilan ne suka taɓa cika ko ɗaya daga ciki. Kwamitin da tsohon shugaban Afirka ta Kudu Thabo Mbeki ya jagoranta ya ƙiyasta a 2015 cewa nahiyar na asarar aƙalla dala biliyan 50 a shekara ta haramtattun hanyoyi, mafi yawa ta hanyar kamfanonin da ke ɓoye riba da maguɗin farashin kayan da ake fitarwa. Irin wannan kuɗi ba ya fita sai da hannun na gida, kuma ba ya samun mafaka sai da amincewar bankunan waje.

Kada a ɗauka cewa wannan sharhi na nufin muradun ba su da amfani. Sun tilasta wa gwamnatoci ƙidaya abin da a da ba a ƙidayawa, kuma alƙaluman da muke amfani da su wajen sukar shirin, daga shirin suka fito. Haka kuma akwai fannin da ya nuna abin da ke yiwuwa. A 1990 yara fiye da miliyan 12 ne suka mutu kafin su cika shekara biyar, a 2023 adadin ya sauko zuwa miliyan 4.8, duk da cewa mutanen duniya sun ƙaru da biliyoyi. Babban dalilin shi ne an kafa asusu na musamman, irin su Gavi mai kula da rigakafi a 2000 da Asusun Duniya na yaƙi da cutar ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro a 2002, inda ƙasashe kan taru bayan 'yan shekaru kowacce ta faɗi adadin da za ta bayar a bainar jama'a, a kuma bi sawun kuɗin har zuwa allurar da aka yi wa yaro da gidan sauron da aka raba. A wannan fanni an san mai bayarwa, an san mai karɓa, an kuma san wanda za a tuhuma idan aiki bai yiwu ba. Burin kawar da talauci, wanda aka sa a sahun gaba, bai taɓa samun irin wannan tsari ba.

A watan Satumban 2027 shugabannin za su sake haɗuwa a New York, kuma an riga an amince cewa a wannan zama za a fara duba abin da zai biyo bayan 2030. Bankin Duniya ya yi hasashe tun a 2024, da tsohon ma'aunin dala 2.15, cewa mutum fiye da miliyan 600 za su kasance cikin matsanancin talauci a shekarar da aka ce ba za a bar ko ɗaya ba. Abin da ya kamata wakilan ƙasashe matalauta su shiga zauren da shi, kafin a fara jera sababbin muradu da sabon wa'adi, shi ne buƙatu guda biyu a rubuce: tsarin sasanta bashi mai ƙayyadadden lokaci wanda ya hau kan kowane mai bin bashi, da kuma jadawalin da ke ɗauke da sunan kowace ƙasa, mai bayarwa da mai karɓa, da adadin da ta ɗauka za ta kashe, da shekarar da za a tambaye ta.