Allon Kwamfuta da Yawan Aiki: Laccar da Aka Yi wa Masu Buga Takardu a Kano

Assalamu alaikum. Malamaina, 'yan uwa masu sana'ar buga takardu, sannunku da zuwa.

Shekarun baya an ba ni makin jarrabawar ɗalibai in shigar a Excel, manhajar lissafi a kwamfuta, da 'yar laftof mai inci 14. Makin yana fayil ɗaya, jerin sunaye yana wani. Sai in buɗe wannan in haddace lamba, in koma wancan in rubuta. Kafin la'asar na tsallake layi guda ban sani ba, makin kowa ya koma kan sunan wani. Kwana biyu ina gyara, kuma har yau ina tuna yaron da ya zo ofis idonsa jajawur yana cewa an kayar da shi. Abin da ya kamata ido ya gani, shi na ɗora wa ƙwaƙwalwa ta ɗauka.

Jama'a, allo daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi. Wani zai ce tsakanin inci 14 da 24 ai goma ne kawai. To, filin ya kusan ninki uku. Monita, wato allon kwamfuta na daban, mai inci 24 faɗinta kusan santimita 53 ne, tsayinta kusan 30, takardun A4 biyu za su zauna a kai gefe da gefe. Ka haɗa ta da laftof ɗinka da wayar HDMI mai kai hoto allo, ka danna maɓallin Windows tare da kibiyar hagu, fayil ɗaya ya kama rabin allo, ɗayan ya kama sauran. Kana kwafa kana gani. Na ji wani a baya yana maganar man janareta. Alhaji, irin wannan monita ta zamani ba ta kai fankar sama cin wuta ba.

Amma abin da ya fi damuna shi ne zama. Ina shiga shagunanku, ina ganin samari sun duƙufa kan laftof kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa, zuwa azahar wuya ya ƙage, aiki ya yi sanyi. Bakin allo na sama ya daidaita da idonka, ko ya ɗan yi ƙasa. Nisansa ya kai tsawon hannunka idan ka miƙe shi. In laftof kaɗai gare ka, ɗora ta kan rim ɗin takarda biyu, ka sayi kibod da mawus na daban.

Mai kallon allo ƙiftawarsa raguwa take, shi ya sa ido ke bushewa, balle lokacin hunturu da ƙura. Duk minti 20 ka ɗaga kai ka kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. Kada kuma taga ta kasance a bayanka, haskenta zai faɗo kan allo ka dinga ƙanƙance ido. Juya teburin, tagar ta koma gefenka.