Timiya da Iferwan: Inda Za a Je Hutu a Duwatsun Abzin

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye da ƴan uwa, sannunku da zuwa.

Mu mutanen Damagaram, in aka ce hutu sai hankalinmu ya tafi Kano ko Yamai, wato mu bar hayaniya mu faɗa cikin wadda ta fi ta. Yau arewa nake so mu duba, mu yi maganar garuruwa biyu na cikin duwatsun Abzin, Timiya da Iferwan. Ba baƙinmu ba ne. Unguwar Zango da ke nan garin, ai masaukin ayarin Abzinawa ce tun asali. Su Kel Ewe na Timiya su ne ke kora raƙuma zuwa Bilma da kaka, su ɗauko gishiri da dabino, su gangaro ƙasar Hausa su saya hatsi. Gishirin da kakanninmu suka ba dabbobinsu, da yawansa a bayan raƙuman mutanen nan ya zo.

Hanya kam doguwa ce. Daga nan a bi Tanut da Adarbisanat zuwa Agadas, wajen kilomita 450. Daga Agadas zuwa Timiya kuma kilomita 200 da ƴan kai, amma dutse ne da rairayin kwari, sai mota mai ƙarfi, kuma yini ake yi.

Wanda ya isa Timiya zai manta wahalar. Gari ne a matse tsakanin baƙaƙen duwatsu, garake na bin bakin kwari. Lemu, rumman, dabino, alkama, albasa. Za ka ga raƙumi yana kai da kawowa, yana jawo guga daga rijiya, ruwa na bin ƴan hanyoyi zuwa fangali fangali. Kusa da gari akwai inda ruwa ke zubowa daga dutse ya taru a ƙasa, a sama kuma ga soron da Faransawa suka gina a shekarun 1950, wanda ake kira Fort Massu. In ka ƙara gaba arewa sai kufan Asode, tsohon birnin da ya watse. Shirun Timiya na mutane ne masu aiki, kowa yana garkarsa, ba mai lokacin damunka. Wannan nake so, kuma ba na ɓoyewa.

Iferwan daban take. Ta fi nisa, galibi ta Arlit ake zagayawa, kuma fili ne buɗaɗɗe a gindin dutsen Tamgak, wanda tsawonsa ya kusa mita 2,000. Nan ce ƙofar gandun dajin Abzin da Tenere da aka kafa a 1988, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991. Akwai maƙeran azurfa masu hannu. Ga masu son tarihi, a nan ayarin sojan Faransa na Foureau da Lamy ya yi watanni a 1899 kafin ya iso Zinder a ƙarshen shekarar. Sai dai garin ya sha wuya. Tawayen Abzinawa na 2007 a nan ya tashi, mutane suka gudu suka bar garakensu, baƙi suka ɗauke ƙafa. Duk wanda ya je ya kwana, ya saya abin hannun maƙeri, ya taimaki gida guda. In shiru kake nema, kada ka je lokacin bikin Abzin da ake yi can, domin gari cika yake yi.

Mai iyali, ko wanda bai taɓa shiga dutse ba, ni dai Timiya zan ce ya fara. Iferwan ta mai ƙafa ce, mai son hawa da kwana a fili.

A je da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a riƙe bargo mai kauri don sanyin can ba irin namu ba ne. Da damina kwari na kawo ruwa ba sallama, ya yanke hanya. Maganar tsaro kuwa, don Allah kada a yi gaban kai. A tsaya Agadas a tambayi hukuma halin da hanya take ciki, a ɗauki jagora ɗan ƙasa, in an ce a dakata a dakata.

Alhaji, na ga hannunka a sama tun ɗazu. Bismillah.